Hular da ke kan harafin g

Yau shirin namu zai leƙa birnin Warso na ƙasar Poland, inda a shekarar 1887 wani likitan ido, Ludwik Zamenhof, ya buga ɗan littafin da ya gabatar da harshen da shi da kansa ya ƙirƙiro, wato Esperanto.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a harshen nan ɗan ƙarami ne. Ta yaya za a ce abu ya sauya, ya zama wani abu? Zamenhof ya ware wa wannan aiki ɗafi guda, ana furta shi "ij", ana rubuta shi da g mai 'yar hula a ka. Ku saurara. "Ruĝa", a furta "ruja", shi ne ja. Idan kunya ta kama Bature har fuskarsa ta yi ja, sai a ce "ruĝiĝi". "Riĉa" mai arziki ne, "riĉiĝi" kuwa mutum ya yi arziki. Duk siffar da ka sani, ka riga ka san fi'ilinta, ba sai ka buɗe ƙamus ba.

To, a cire hular nan, ya koma "ig", sai magana ta juya: "riĉigi" wani ne ya azurta ka.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fagen. Muna cewa ya talauce, muna kuma cewa an talauta shi. Ya haukace, an haukata shi. Ya gurgunce, an gurgunta shi. Sai dai namu bai game ko'ina ba. Da mun zo kan launi sai mu nemi taimakon "yi", mu ce gashinsa ya yi fari, tumatir ya yi ja. Shi Zamenhof ƙa'ida ɗaya ya shimfiɗa wa kowace siffa, kuma a ganina nan ne ya tausaya wa ɗalibi da gaske.

Ina yawan tuna cewa mutumin nan marasa lafiya yake dubawa kullum. A harshensa "sana" mai lafiya ne. Aikin likita "sanigi", wato warkarwa. Shi kuwa majinyacin da ya tashi daga gado ya ɗaure kayansa zai koma gida, nasa "resaniĝi": ya sake samun lafiya.