Wilo: Itacen Fadamar Alaska Da Ke Bin Sawun Ɗumamar Duniya

Tsakanin 1948 da 1950, masu neman man fetur sun yi ta ɗaukar hotunan arewacin Alaska daga jirgin sama. Bayan rabin ƙarni, masana suka koma wuraren suka sake ɗauka, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2001. Filayen da a da ba su da komai sai gansakuka da gajeriyar ciyawa, yanzu ƙananan itatuwa sun yi kaka-gida a cikinsu. Wilo na daga cikin waɗannan itatuwa.

Wilo ɗan ruwa ne. Nau'in da masana ke kira Salix alaxensis yana tsirowa a gaɓar koguna, kan tsakuwa da rairayin da ambaliya ta bari. Ƙasan ganyensa lulluɓe yake da farin gashi mai laushi. Namiji daban, mace daban, kuma irinsa, mai tashi da iska kamar audugar rimi, ba ya daɗewa da rai idan bai faɗa kan danshi ba. Shi ya sa ba ya nisa da fadama.

A da, sanyi ne ke taka masa birki. To amma tun daga 1979 yankin Aktik, wanda arewacin Alaska ke cikinsa, yake ɗumama kusan ninki huɗu fiye da duniya baki ɗaya. Da lokacin tsiro ya ƙara tsawo, wilo ya miƙe har rassansa suka leƙo saman dusar ƙanƙara. Nan fa babbar barewar nan da ake kira mus ta samu abincin hunturu, ta nausa arewa zuwa wuraren da a da ba a cika ganinta ba. Biba, dabbar da ke datse rafi da itace, ita ma ta bi sahu.

Ana iya cewa ai kore alheri ne, sai dai akwai lauje cikin naɗi. Rassan wilo suna tare dusar ƙanƙara, ita kuma ta hana ƙasa yin sanyi sosai da hunturu. Duhun rassan yana shan zafin rana, inda farar ƙanƙara kan mayar da shi sama. Tafkunan biba kuwa narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinsu suke yi, iskar kabon da mitan da ta daɗe a ƙulle ta samu mafita. Da bazara inuwar itacen kan ɗan sanyaya ƙasa, don haka masana na ci gaba da auna wane ɓangare ne zai rinjaya.