Ciwon ido mai alaƙa da maƙoƙo: Yadda yake dagula rayuwa

Likitoci sun daɗe da sanin cewa ciwon wata 'yar ƙwaya da ke gaban wuya yana iya turo idanun mutum waje. To amma sai a shekarun 1990 aka fara auna irin ɓarnar da hakan ke yi wa zaman mutum da jama'a da kuma neman abincinsa.

A ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, inda akasarin jama'a manoma ne da 'yan kasuwa, wannan ɓarna tana da nata salo.

Ba maƙoƙon da aka saba gani ba ne

Ƙwayar da ake magana a kai ita ce tayirod, mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda ke samar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki. Idan ta kumbura, shi ne Bahaushe ke kira maƙoƙo.

Maƙoƙon da aka fi sani yana samuwa ne saboda ƙarancin sinadarin aidin a abinci, abin da ya sa Najeriya ta wajabta sanya aidin a cikin gishiri a shekarar 1993. Amma wanda ke taɓa ido daban yake, kuma gishiri ba ya maganinsa.

A nan garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa, ta riƙa zaburar da ƙwayar har ta yi aiki fiye da ƙima. Ana kiran wannan larura cutar Graves, da sunan Robert Graves, likitan ƙasar Ailan da ya yi bayaninta a 1835.

Mai fama da ita yakan rame duk da yawan ci, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, hannu na karkarwa, ga zufa da rashin barci da saurin fushi. Ta fi kama mata fiye da maza nesa ba kusa ba.

Ita wannan garkuwa takan kai hari har ga tsoka da kitsen da ke bayan ido. Da yake kwarmin ido ƙashi ne, ba ya buɗawa, idan abin da ke cikinsa ya kumbura sai ya turo ƙwayar idon gaba. Fatar ido ta sama kuma ta janye, farin ido ya bayyana a saman baƙin, mutum ya zama kamar kullum a razane yake ko cikin fushi.

Masana na ƙiyasin cewa kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na masu cutar Graves suna samun alamunta a ido, amma waɗanda ganinsu ke shiga haɗari ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba.

Abin da ma'aunin likita ba ya nunawa

Ƙarancin masu makancewa ya sa aka daɗe ana ɗaukar ciwon da sauƙi. Wani bincike da aka wallafa a 1997 daga birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya nuna akasin haka: masu ciwon sun ba da rahoton ƙuncin rayuwa da ya zarce na masu ciwon sukari ko ciwon zuciya a fannoni da dama.

A shekarar 1998 masu bincike a wannan birni suka fito da tambayoyi 16 da ake yi wa majinyaci. Takwas sun shafi abin da ya daina iya yi saboda idonsa, kamar karatu, tuƙi, kallon talabijin da hawan keke, wanda ba abin mamaki ba ne ga mutanen Holan. Sauran takwas sun shafi kamanninsa: ko ana ƙura masa ido a hanya, ko ya daina shiga mutane, ko yana gudun hoto, ko yana ɓoye fuskarsa.

Da za a yi waɗannan tambayoyi a Ikara ko Hunkuyi, da babur ne zai maye gurbin keke. Idan tsokar ido ta sandare, idanun biyu ba sa tafiya tare, sai mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ɗan acaɓa da ke ganin fitilar mota biyu a inda ɗaya take ya rasa sana'arsa ke nan, ko da kuwa kowane idon nasa yana gani tangaran. Haka tela da zare da allura, haka malami da allo, haka matar da ke tsintar shinkafa.

Ga kuma bushewa. Idon da ya fito ba ya rufuwa sosai, har a cikin barci. Ƙurar hunturu, rana a gonar tumatir, hayaƙin murhu da na wurin dafa mazarƙwaila a ƙasar rake irin Makarfi da Kudan, duk suna ƙara masa raɗaɗi da zubar hawaye.

Amma abin da ya fi nauyi shi ne fassarar da jama'a ke yi wa fuskar. A ƙasar Hausa ana karanta tarbiyya a ido: mai kunya shi ne mai sunkuyar da kai. Budurwa ko amaryar da fatar idonta ta janye sai a ce tana zare wa manya ido, alhali ba ta da iko a kan hakan. Idan aka haɗa da saurin fushin da cutar ke jawowa, sai a yanke hukunci cewa halinta ne ya sauya, ko kuma a ce jifa ne ko iska. Ramar kuma ta jawo tsegumin wata cutar daban.

Ta haka mace kan janye daga biki da suna, ta fake da niƙabi ko baƙin tabarau, a kuma kwashe watanni ana hayaƙi da rubutu kafin a kai ga gwajin jini, wanda shi ne ke bayyana matsalar.

Magani da lokacinsa

Ciwon yana da zango biyu. Na farko shi ne lokacin da kumburin ke ci, daga watanni 6 zuwa kimanin shekara 2. Bayan nan sai ya lafa, amma sau da yawa idon ba ya komawa yadda yake. Maganin rage kumburi a zangon farko yake aiki, don haka jinkiri yana da tsada.

Matakin farko shi ne daidaita aikin ƙwayar tayirod da magani irin su carbimazole, wanda akan sha fiye da shekara guda tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Yankewa da komawa, saboda rashin kuɗi ko don an ji sauƙi, yana tsananta wa idon. Na biyu shi ne barin taba, domin babu wani abu a hannun majinyaci da ke ƙara wa ciwon ƙarfi kamar sigari.

Ga mai ƙaramin ciwo, ɗigon ido mai hana bushewa, tabarau da ɗaga kai da matashi lokacin barci suna taimakawa. Wani gwaji da aka yi a Turai, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shan sinadarin seleniyam na watanni 6 ya kyautata rayuwar irin waɗannan majinyata. Idan ciwon ya yi ƙarfi akan yi ƙarin ruwa da magungunan kashe kumburi na tsawon makonni.

A watan Janairun 2020 Amurka ta amince da Tepezza, magani na farko da aka yi wa rajista musamman domin wannan ciwo. Yana rage fitowar ido, sai dai kuɗinsa ya kai dubban ɗaruruwan daloli, kuma yana iya taɓa ji. Ga manomi a Kudan, labari ne kawai.

Abin da ke kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, sai asibitocin Kano. Ana buƙatar likita biyu su haɗa hannu: na ido da na cututtukan sinadaran jiki. Tiyatar faɗaɗa kwarmin ido, ta daidaita tsoka da ta gyara fatar ido kan biyo baya, bayan ciwon ya lafa.

Akwai alamun da ba a jira da su: gani ya fara dishewa, launuka su koɗe musamman ja, ko wani farin tabo ya fito a kan baƙin ido. Waɗannan na nufin jijiyar gani ta matsu ko gaban idon ya yi gyambo, kuma ɗiga wani abu na gida a irin wannan ido yana iya ƙarasa shi. Haka kuma idan ido ɗaya ne kaɗai ya fito, likitoci kan nemi a ɗauki hoton kwarmin, domin ƙari a bayan ido ma yana kawo irin wannan alama.