Sabunta Kwamfuta da Salwantar Takardu: Kira ga Masu Shaguna da Makarantu

A ranar 2 ga Oktoba, 2018, kamfanin Microsoft ya fitar da sabon zubin Windows 10. Ba a jima ba sai koke-koke suka fara fitowa: mutum ya sabunta kwamfutarsa, ya kunna, ya tarar takardunsa da hotunansa na shekaru sun yi ɓatan dabo. Cikin kwana huɗu kamfanin ya dakatar da rabon, bai sake sakinsa ba sai 13 ga Nuwamba. Ya ce waɗanda abin ya shafa ba su wuce mutum ɗaya cikin dubu goma ba. To amma wanda aikinsa ya salwanta, wannan lissafi ba ya share masa hawaye.

Batun ya shafe mu kai tsaye. A Basirka da Gwaram da Birnin Kudu, kwamfuta ɗaya a shagon buga takardu takan ɗauki takardun unguwa guda: sakamakon jarrabawar makarantu, yarjejeniyar cinikin gona da fili, kundin binciken ɗalibai, hotunan fasfo na masu neman aiki, lissafin ƙungiyoyin manoma. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak, a kan na'ura ɗaya ta hannu da aka sayo daga Kano, ba wanda ya san shekarun da ta yi tana aiki a wata ƙasa kafin ta iso.

Me ke faruwa a ciki?

Ma'adanar kwamfuta iri biyu ce. Tsohuwar, wato had-dis, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wata 'yar allura tana rubutu a kansa. Sabuwar, SSD, babu abin da ke motsi a cikinta, kuma ta fi sauri nesa ba kusa ba. Tana da ƙaramar ƙwaƙwalwa tata da ke sarrafa ta, da wata manhaja ta musamman da masana'anta ta dasa mata. Wannan ƙwaƙwalwa tana riƙe da jadawalin da ke nuna inda kowane gutsuren bayani yake zaune. Kamar mai ajiyar hatsi ne a kasuwa: buhuna dubu suna jibge a sito, littafinsa kaɗai ke faɗin buhun wane ne a wace kusurwa. Idan littafin ya lalace, hatsin yana nan, amma ba mai iya fitar da nasa.

Lokacin sabuntawa, Windows yana rubuta gigabayit da yawa a jere, yana kuma iya sauya yadda yake magana da ma'adanar. A nan ne ɓoyayyen rauni ke bayyana. A watan Oktoba na 2024, zubin Windows 11 mai lamba 24H2 ya riƙa durƙusar da kwamfutoci masu wasu nau'o'in SSD na Western Digital, kamar SN770 da SN580. Irin waɗannan ba su da wurin tuni nasu, aro suke yi daga kwamfutar, kuma sabon zubin ya canza yawan abin da ake ara musu. Sai da Western Digital ya fitar da gyara ga manhajar cikin ma'adanar kafin aka samu sauƙi.

A Agustan 2025 kuma, bayan sabuntawa mai lamba KB5063878, rahotanni suka fara ɓullowa daga Japan cewa SSD na ɓacewa daga idon kwamfuta idan ta cika fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma aka zuba mata abin da ya haura gigabayit 50 a tashi ɗaya. Microsoft ya bincika, ya ce bai ga alaƙa da sabuntawarsa ba. Kamfanin Phison na Taiwan, mai ƙera ƙwaƙwalwar SSD da dama, ya ce ya yi gwaji na sama da awa 4,500 bai ga matsalar ba. Daga baya ya bayyana cewa wasu daga cikin ma'adanan da suka faɗi suna ɗauke ne da manhajar gwaji wadda ba a yi ta don kasuwa ba. Darasin shi ne, yayin da manyan kamfanoni ke jayayya kan mai laifi, babu ɗayansu da zai maido maka da takardunka.

Namu haɗarin ya fi yawa

A nan gida akwai ƙarin abubuwa uku. Na farko wuta: idan aka ɗauke ta, ko janareta ya mutu ana tsakiyar sabuntawa, kuma batirin laftof ya riga ya gaji, jadawalin nan na iya tsayawa rabi a rubuce. Na biyu zafi: a watannin Afrilu da Mayu, shagon kwano mara fanka yana dafa na'ura, ga kuma ƙurar hunturu da ta toshe hanyoyin iska. Na uku makulli: kwamfutoci da yawa suna kulle bayanansu da BitLocker, kuma wani lokaci bayan sabuntawa sukan nemi mabuɗi mai lamba 48. Idan na'urar ta hannu ce, ko yaron shagon gyara ne ya buɗe asusun da sunansa, mai ita ba shi da mabuɗin kayansa.

Sannan SSD ba ta yafiya kamar had-dis. Abin da aka goge, takan share shi ƙarƙaf ba da jimawa ba don ta shirya wa sabon rubutu, shi ya sa masu gyara kan kasa ceto komai daga cikinta.

Shin a daina sabuntawa?

Wasu sukan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, su kashe sabuntawa gaba ɗaya. Wannan ma hanyar asara ce. A watan Mayun 2017, ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe fiye da 150, ta gurgunta asibitoci a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka faɗa. Ga shi kuma tun 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, wanda har yanzu shi ne a kan kwamfutocinmu da yawa. Sabuntawar da aka yi rabi da rabi ma tana da nata sharrin. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa gyaran manhaja da bai kai ga wasu manyan kwamfutoci ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa.

Abin yi

Maganin yana cikin kwafi. Masana suna ba da shawarar kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga mai shago, ma'anarsa ita ce: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko had-dis na waje da ake cirewa a kai gida, ɗaya kuma a intanet. Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta, wanda ya isa dubban takardu. A riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana aiki, domin jabun filash sun cika kasuwa.

Microsoft yana sakin sabuntawar tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma Windows yana ba da damar jinkirtawa har mako biyar. A ranakun rajistar JAMB ko haɗa sakamakon zango, a jinkirta, a yi ta bayan an sauke nauyin jama'a, da cikakken batiri ko tsayayyiyar wutar sola. Kada a bar ma'adana ta cika maƙil. A rubuta mabuɗin BitLocker a takarda a adana. Idan kuma ma'adana ta fara ɓacewa tana dawowa, a daina aiki da ita nan take, a kwashe abin da za a iya kwashewa.

Masu gyara suna da nasu haƙƙin: kafin a ce "sai an yi mata fomat", a tambayi mai ita abin da ke ciki, a fara ceto shi. Shugabannin makarantu da na ofisoshin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su ɗora wa mutum guda alhakin ɗaukar kwafi kowane mako, a sa hannu a littafi kamar sauran ayyukan ofis. Takardun da ke cikin waɗannan na'urori amanar mutane ce, kuma kuɗin had-dis ɗaya na waje bai kai ko kusa da wahalar da marayan da takardar gonar mahaifinsa ta salwanta zai sha ba.