Raɗin Suna a Bakin Gatari: Sabbin Tsirran da Masana Ke Ganowa

A shekarar 2018 wata masaniyar tsirrai 'yar ƙasar Gini, Denise Molmou, ta ɗebo wani ɗan tsiro da ke manne da duwatsu a inda ruwa ke faɗowa a kogin Konkure. Babu shi a littafin kowa. Kafin a gama bincike a raɗa masa suna Saxicolella deniseae a 2022, ruwan wata madatsar wutar lantarki ya riga ya shanye wurin, kuma ba a san shi a ko'ina ba sai can. Masana suna ganin ya ƙare a duniya. Suna ya zo, mai sunan ya tafi.

Wannan labari ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciya duk lokacin da ya ji an ce an gano sabbin jinsunan halittu. Labarin ganowar ya yawaita a 'yan shekarun nan. Rahoton da Lambun Kew na Landan ya fitar a 2023 ya nuna cewa duk shekara ana raɗa wa sabbin tsirrai wajen 2,500 suna, ana kuma kiyasin akwai kusan 100,000 da har yanzu ba a rubuta su ba. A ɓangaren naman kaza da funfuna abin ya fi haka nisa, domin cikin jinsuna kusan miliyan biyu da rabi da ake zaton akwai, waɗanda aka sani ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sai rahoton ya ƙara da abin da ya fi tayar da hankali: uku cikin huɗu na tsirran da ba a kai ga rubutawa ba, mai yiwuwa suna cikin haɗarin ƙarewa tun yanzu.

Furannin okid suna kan gaba a wannan lissafi. Danginsu ya kai jinsi wajen 28,000, kuma banila da ake sa wa kek da askirim ɗaya ce daga cikinsu. Yawancin na ƙasashe masu zafi a kan rassan itatuwa suke zama kamar kauci, sai dai su ba sa tsotsar itacen, wurin zama kawai suke nema. Irinsu ƙanana ne ƙwarai, ba su ɗauke da abincin da za su tsira da shi, dole sai sun haɗu da wata funfuna ta musamman a ƙasa ko a ɓawon itace kafin su fito. Wasu kuma ƙwaro ɗaya tak ne ke yi musu barbara. Shi ya sa za ka tarar da jinsi guda ba ya wuce tsauni ɗaya ko kwari ɗaya, tsaunin da ke maƙwabtaka kuma yana da nasa daban. Inda halitta ta tsare kanta a wuri ɗan ƙarami haka, samunta yana da wuya, hallaka ta kuwa aikin rana ɗaya ne.

Me ya sa ganowar ta ƙaru? Dalili na kusa shi ne kayan aiki sun sauƙaƙa. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2012 aka yarda masani ya bayyana siffar sabon tsiro da Turanci, ba lallai da Latin ba, aka kuma amince da wallafawa a mujallun intanet. Gwajin ƙwayoyin gado ya yi arha, yana raba jinsunan da ido ke ɗauka ɗaya ne. Wayar hannu ma ta shigo: wani tsiro mai cin ƙwari na ƙasar Burazil, Drosera magnifica, a hoton da wani mai sha'awar furanni ya ɗora a Facebook masana suka fara ganinsa, suka bi sawu har tsaunin, aka wallafa shi a 2015.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga "sabbin" jinsunan nan ba daga daji ake samo su ba, daga cikin kabad ne. Manyan ma'adanun busassun tsirrai na duniya cike suke da ganyen da aka matse a takarda aka ajiye ba wanda ya sami sukunin dubawa. Wani bincike na 2010 ya nuna cewa kashi 16 cikin ɗari ne kawai na sabbin tsirrai ake rubutawa cikin shekara biyar da ɗebo su, kuma fiye da rabin waɗanda suka rage an riga an ɗebo su, suna jiran mai dubawa. Ƙaton badon nan na Bolibiya, Victoria boliviana, wanda faɗin ganyensa kan kai mita uku, ya yi shekara 177 a ma'adanar Kew da sunan wani jinsi kafin a gane shi a 2022. Ashe ƙarancin ba na tsirrai ba ne, na masu idon tantance su ne.

Dalili na uku shi ne mai ɗaci, kuma a ganina shi ya fi bayyana halin da ake ciki. Hanyar da motar katako ta buɗe ita ce hanyar da masani ke bi. Dubi Bulbophyllum nocturnum. Ed de Vogel, masani ɗan ƙasar Holan, ya samo shi a tsibirin Niyu Biritin na ƙasar Papuwa Niyu Gini, a dajin da aka ba 'yan katako. Ya kai shi lambun Laiden, ya ga tohon furen yana kumbura kamar zai buɗe, da safe sai a tarar ya yanƙwane. Sai ya tafi da shi gida ya zauna gadi. Wajen ƙarfe goma na dare furen ya buɗe, ya rufe da hantsi. A 2011 aka sanar da shi a matsayin okid na farko da aka sani mai buɗe fure da dare. Da ba a shiga dajin don sara ba, wataƙila da ba a gan shi ba tukuna. Amma saran da ya fito da shi shi ne kuma ke cin gidansa. Don haka yawan sabbin sunaye ba alamar cewa dazuzzuka suna lafiya ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa an kai ga lungun da a da ba a iya kaiwa.

To mene ne amfanin sunan? Babba ne. Tsiron da ba shi da suna ba ya shiga jerin halittun da ke cikin haɗari, ba ya shiga doka, kuma babu mai tsayawa gaban hukuma ya ce a kare shi. Gastrodia agnicellus na Madagaska misali ne na mai sa'a. Ba shi da ganye ko ɗaya, funfuna ke ciyar da shi, furensa ruwan ƙasa ne mai tsoka, milimita 11 kacal, yana ɓoye ƙarƙashin busasshen ganye a gindin itatuwa. Sai bayan barbara karansa ke miƙewa sama don iri ya watsu. Jaridu sun kira shi okid mafi muni a duniya a 2020, amma yana cikin gandun Ranomafana mai kariya. A Kamaru kuwa, dajin Ebo ya nuna iyakar abin da suna zai iya. A 2020 gwamnati ta ba da shi ga saran katako, al'ummar Banen ta yankin da masana suka yi ta kuka, ɗan wasan fim Leonardo DiCaprio ya ɗaga muryarsa, aka dakatar da shirin a watan Agusta. Masana suka saka wa DiCaprio da sunan wani itace mai fure a jikin kututture, Uvariopsis dicaprio, a farkon 2022. A 2023 aka sake buɗe wani sashen dajin ga 'yan katako.

Suna kuma yana iya zama sanadin mutuwa, musamman ga okid, saboda akwai attajiran da ke biyan kuɗi mai yawa don su riga kowa mallakar sabon fure. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, ta sa duk dangin okid ƙarƙashin sa ido, ta kuma hana cinikin wasu da aka ciro daga daji, amma hakan bai hana ba. An bayyana Paphiopedilum canhii na Biyetnam a 2010. Cikin 'yan watanni masu tono suka kwashe kusan duka. A 2002 wani Ba'amurke, Michael Kovach, ya sayi wani okid mai ƙaton fure a bakin hanya a arewacin Peru, ya shigar da shi Amurka ba izini, aka yi gaggawar sa wa furen sunansa. Maganar ta kai kotu, amma kafin nan an riga an yashe wuraren da aka fara ganinsa. Yau masana da yawa ba sa bayyana ainihin inda suka sami sabon jinsi. Na ga hikimar hakan, ko da yake yana hana mutanen yankin sanin abin da ya kamata su tsare.

Adalci ne a faɗi cewa wani lokaci ana yanke ƙauna da wuri. A tsaunin Sentinela na Ekwado an sare daji a shekarun 1980, aka ɗauka tsirransa sun tafi, har aka sa wa wani fure suna Gasteranthus extinctus, wato wanda ya ƙare. A 2021 aka same shi da ransa a guntayen dajin da suka tsira. Darasin a nan shi ne ɗan ragowar daji ma ya cancanci a je a duba, kada a ce ya riga ya lalace a ƙarasa shi.

Sauran tambayar: sabo ga wa? Pinanga subterranea, wani dangin kwakwa na tsibirin Boniyo mai yin fure da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga littafin masana a 2023, alhali mutanen wurin sun daɗe suna cin 'ya'yansa, suna da sunayensa a harsunansu. Mu ma mun san wannan: littafin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattaro shi. Ilimin yana nan inda tsirran suke, amma manyan ma'adanu da kuɗin bincike suna Turai da Amurka. Yarjejeniyar Nagoya, da ta fara aiki a 2014, ta yi ƙoƙarin ba ƙasashe iko a kan albarkatunsu, sai dai takardar izini ba ta haifar da masani. Shekaru ake yi kafin mutum ya iya duban busasshen fure ya ce wannan ba wancan ba ne.

Nan ne nake ganin gyaran yake. Nijeriya tana da ma'adanar tsirrai a Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, tana da dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila da gandun Gashaka Gumti, duk a kan layin tsaunukan da suka haɗa mu da Kamaru, inda ake ta samun sabbin jinsuna. Jami'o'inmu su ɗauki fannin tantance tsirrai da muhimmanci, a ba ɗalibai kuɗin shiga daji, a gyara ma'adanu, a rubuta sunan mafarauci ko mai maganin da ya nuna hanya. Kuma kafin a sa hannu a kan takardar madatsa ko ta saran katako, a tura masu tantancewa su fara shiga wurin.