Kiwon Tana: Sana'ar Cikin Gida Da Ba Ta Son Rana

Na san da ganin kan wannan bayani kin yamutse fuska, wataƙila ma har kin ce, "Yau kuma Malama tsutsa za ta sa mu kiwo?" To, ki ɗan yi haƙuri ki saurare ni. Tanar nan dai da kika sani nake nufi, wadda ke fitowa tsakar gida da damina kaji su yi ta wawaso a kanta. Kashin da take fitarwa taki ne baƙi mai laushi, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, kuma akwai mutanen da ke biyan kuɗi su saye shi.

Duk matar da maigidanta ke da lambu, ko yake sarin kayan gwari, ta san halin da ake ciki game da takin zamani. Kuɗinsa ya tashi a duniya a 2022 lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, sannan a 2023 aka cire tallafin man fetur a Nijeriya, darajar naira ta faɗi, abin ya ƙara ta'azzara. Masu lambunan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, waɗanda latas da kabejinsu muke ci, kullum maganarsu ke nan. A ɗaya gefen kuma, ki leƙa gidajenmu nan Kambarawa. Da wuya ki shiga gida uku ba ki tarar da turken awaki ko na tumaki ba. Kashinsu ana sharewa a tara a lungu, in bazara ta yi wani ya zo ya kwashe a kan kuɗi ƙalilan, wani lokacin ma godiya kawai za a yi miki. Kiwon tana hanya ce ta ɗaga darajar wannan tarin da ke lungunki.

Mutanen Kyuba sun taɓa shiga irin wannan matsi. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, takin zamanin da take aika musu ya yanke, sai suka dage da kiwon tana don ciyar da lambunan cikin birane. A Indiya kuwa ƙungiyoyin matan karkara da yawa wannan ce sana'arsu. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ɗaya daga cikin irin tanar da ake ji da su a Indiya, wadda masana ke kira Eudrilus eugeniae, asalinta daga nan Afirka ta Yamma ne.

Maganar tsarki

Na san abin da zai fara zuwa ranki, domin shi matan ajinmu na dare suka fara tambaya: in ta taɓa mini hannu ko zane, zan iya salla? A mazhabarmu ta Malikiyya, duk abu mai rai tsarkakakke ne, haka kuma mushen abin da ba shi da jini mai gudana, irin ƙwari da tsutsotsi. Kashin dabbar da ake cin namanta, wato akuya da tunkiya da saniya, shi ma ba najasa ba ne muddin dabbar ba najasa take ci ba. Wannan sharaɗin ki riƙe shi da kyau, don akuyar da ke yini a bola daban take da wadda ke ɗaure a turke. Kashin jaki da na doki kuwa ki bar su, hukuncinsu daban ne. Wanke hannu da sabulu bayan aiki dole ne saboda lafiya, balle ga mai girki da goyo.

Ƙyama kuma halin zuciya ne, ba na jayayya da ita. Amma dai ki tuna, zaren tsamiya da ake wa manyan riguna aiki da shi, daga gidan wata tsutsa ake samo shi, ba mu taɓa jin wanda ya ƙi sa rigar saboda haka ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna. Masu koyar da kiwon tana sukan ce a yayyaga tsofaffin jaridu a yi mata shimfiɗa. Ke dai kin san jaridunmu da tsofaffin littattafan yara ba sa rasa aya ko sunan Allah a ciki. Kada ki kusanci takarda mai rubutu. Kwalin taliya ko na madara, wanda kika cire masa leda da salatif, ya wadatar.

Ba kowace tana ba ce

Tana iri-iri ce. Akwai mai nutsawa can cikin ƙasa, fara-fara, wadda ake tonowa da fartanya. Wannan in kika sa ta a baho, ko ta gudu ko ta mutu. Wadda ake kiwo ita ce mai zama a sama-sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ko tsohon taki mai laima. Launinta ja ne mai duhu, bayanta na ɗan ƙyalli, kuma tana da zafin nama in an taɓa ta. Da damina ki sa maigida ko babban yaro ya duba gindin ayaba a lambu, ko ƙarƙashin tsohon tarin taki. In an samo, ki gwada 'yan kaɗan a ƙaramin mazubi na mako biyu. In sun zauna suna ci, kin dace. In kuma saye za ki yi daga masu kiwo, ki tambayi sunan irin, kuma kada ki biya kuɗi sai kin ga kaya da rai a hannunki.

Mazubi ba sai kin saya ba. Tsohon baho da ya tsage, ko randar da ta fashe a gindi, duk sun yi, in dai ruwa zai iya tsiyayewa ta ƙasa. Zurfin kamu ɗaya ya isa, domin a sama take cin abincinta, faɗi ta fi buƙata. Ki jiƙa yagaggen kwali da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa ki shimfiɗa, ki zuba tsohon kashin awaki a kai, ki barbaɗa ƙasa cikin tafin hannu, sannan ki saki tanar ki rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ta fatar jikinta take numfashi, saboda haka in wurin ya bushe ta halaka, in kuma ya yi caɓi iska ta yanke mata. Awon mai sauƙi ne: ki damƙi shimfiɗar ki matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ke nan.

Kada ki ƙwaci abincin akuya

A ƙasashen Turawa ɓawon kayan lambu suke ba tana, don ba su da inda za su kai shi. Mu kuwa ɓawon dankali da na kankana da ganyen kabeji suna da mai su, akuya na jira. In kika hana ta kika ba tana, kin yi asarar nama da haihuwa don ki samu taki, wannan ba lissafi ba ne. Ki bar akuya ta ci ɓawo, ita kuma tanar ta ci kashin akuya. Abin da akuya ta raina, irin ganyen shayin da aka dafa, da ɓawon ƙwai dakakke, da tumatirin da ya ruɓe, shi za ki ƙara mata.

Sai dai ɗanyen kashi yana ɗaukar zafi idan aka jiƙa shi, zafin da zai iya kashe miki iri gaba ɗaya a dare ɗaya. Ki tara shi gefe, ki yayyafa ruwa, kina juyawa har mako biyu zuwa uku. Ranar da kika cusa hannu tsakiya kika ji ba ɗumi, ya yi. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, ki bar shi tukuna sai hannunki ya faɗa. Haka nan in an yi wa dabbobi allura ko an ba su maganin tsutsar ciki, kamar yadda ake wa ragunan layya, ki ware kashin makonnin da suka biyo baya, domin wani maganin yakan fita ta cikinsa.

Abubuwan da ba ta so su ne gishiri, kanwa, mai, yaji, lemun tsami, albasa mai yawa, sauran miya, nama da ruwan wanki mai omo. In kika ji wari na tashi ko ƙudaje sun taru, abinci ya yi yawa, ki dakata da zubawa na wasu kwanaki. In komai ya yi mata daidai, takan ci kusan rabin nauyin jikinta a yini. Kowace ɗaya tana ɗauke da halittar namiji da ta mace, saboda haka bayan sun haɗu duk biyun ke yin ƙwai, kuma cikin wata biyu zuwa uku adadinsu kan ninka.

Abokan gabarta kuwa duk 'yan gida ne: kaji, cinnaka, gara, ɓera da ƙadangare. Ki ɗora mazubin a kan benci, ki sa ƙafafun bencin cikin gwangwanayen ruwa, ki ɗora murfi mai huji a sama.

Bazara ce jarrabawar

A nan ne bayanin da za ki ji daga wasu wurare ba zai yi miki amfani ba, domin ba su san ranar Katsina ba. Irin tanar da ake kiwo ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 30, in zafin cikin mazubi ya haura 35 sai ta fara mutuwa. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Bahon roba a ƙarƙashin rumfar kwano a irin wannan lokaci, tukunyar dahuwa ce.

Don haka ki tsara shekararki. Ki fara a watan Yuli, lokacin da gari ya yi sanyi kuma iri ke samuwa. Zuwa Oktoba kin kwashi takin farko, daidai lokacin da masu noman rani ke renon irin tumatir da attaruhu, wato lokacin da aka fi neman kayanki. Da hunturu ki ƙara buhu a sama saboda sanyin dare, ki kula da yayyafi don iskar na busar da komai. Idan Maris ya kama, ki daina tunanin riba, ki koma tunanin yadda za ki tsallakar da iri zuwa damina.

Dabarar da na fi yarda da ita tamu ce ta gida. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa hanyar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, don kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a kan haka a shekarar 2000. Sanyin da ke adana tumatir shi zai adana miki tana. Ki sa irinki a tukunyar ciki, ki ajiye a gindin bedi ko lungun da rana ba ta kaiwa amma iska na ratsawa, ki riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Na san ruwa saye muke yi a wurin 'yan garuwa. Ruwan wankin shinkafa da wanda kika tara a kwano lokacin alwala sun isa wannan aikin.

Kwasa da sayarwa

Bayan wata biyu zuwa uku za ki ga saman ya koma baƙi, gari-gari. Ki daina yayyafi kwana biyu, ki juye a kan buhu a inuwa mai haske, ki yi ƙananan tsibi. Tanar ba ta son haske, za ta nutse ƙasa. Ki riƙa kwashe saman a hankali har ki iske su a dunƙule, ki mayar da su sabuwar shimfiɗa. Takin ki tankaɗe shi da rariya mai manyan idanu, ki sha iska da shi a inuwa. Kada ki shanya a rana kamar tsaba, da 'yar laimarsa ya fi amfani.

Gaskiyar da mai tallan iri ba zai gaya miki ba ita ce, wannan takin ba zai maye gurbin buhun zamani a gonar masara ba. Takin NPK da aka saba da shi, kashi 15 cikin ɗari na sinadarin sa ganye kore yake ɗauke da shi, na tana kuwa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Fa'idarsa a wani wuri take: ba ya ƙona ɗanyen tsiro, yana sa ƙasarmu mai rairayi ta riƙe ruwa, kuma saiwa na kama ƙasa da wuri. Saboda haka masu sayenki su ne masu renon iri, da masu sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titi, da 'yan'uwanki mata masu shuka alayyahu da zogale a buhu. A wajen reno, mudu ɗaya nasa ake gaurayawa da mudu uku ko huɗu na ƙasa. Idan irin ya yi miki yawa, masu kiwon tarwaɗa da masu kamun kifi da ƙugiya na iya saye, amma wannan ƙari ne, kada ki gina lissafinki a kansa.

Mai lambu ba ya sayen labari, gani ya kori ji. Ki ba maigida mudu biyu ya kai wa wani mai lambu kyauta, ya zuba a fangali ɗaya ya bar na kusa da shi yadda ya saba. In ya ga bambanci, da ƙafarsa zai zo, a lokacin ne za a yi maganar farashi. Wannan kuma ba kayan da za a ɗora wa yarinya a kai ba ne a hana ta zuwa makaranta, ciniki ne na maza a bakin lambu ko a zaure.

Kada ki ci bashi, kada ki taɓa kuɗin adashi a shekarar farko. Baho ɗaya ba zai biya kuɗin makarantar yara ba, abin da zai fara yi shi ne rage miki kuɗin cefane ta shukar da kika yi a tsakar gida. Sai kin tsallake bazara ɗaya da irinki a raye sannan ki sa a gina miki kwami na bulo a inuwa. Ko a lokacin ma, kafin zafi ya shigo, ki raba irin a tukwane biyu, ɗaya a gidanki, ɗaya a gidan wata 'yar'uwa da kika amince za ta riƙa jiƙa yashin.