Talabijin mai araha ita ce wadda batir zai iya ɗauka

Naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ba ta sayen sabuwar talabijin inci 32 ta Hisense ko LG. Albashin wata biyu ma da ƙyar. Shi ya sa a Birnin Kudu da Gwaram ango ko iyayen amarya suka koma kan abu biyu: ta hannu da ake ɗaukowa daga Sabon Gari a Kano, ko ƙaramar nan mai aiki da batir. Masu bin ta farko suna ganin sun yi dabara, alhali bashi suka ci wanda mai gyara zai zo karɓa.

Kowa dala yake zargi da wannan tsada, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan lantarki kuwa kusan duk daga waje suke zuwa. Sai dai dala sau ɗaya take cizon mai saye, ranar da ya biya kuɗi a shago. Wuta ce ke cizonsa kullum.

A tuna watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, yankin KEDCO, wato Kano da Katsina da Jigawa, ya kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Mutumin birni ya ga abin a matsayin bala'i. Mutumin ƙauyukan Sara ko Basirka bai ga wani sabon abu ba. Janareta kuma ya zama kayan ado tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta taɓa 1,000. A nan lissafin yake. Tsohuwar talabijin mai doro da manyan falasma na da suna shan wuta ninkin abin da sabuwar LED mai girmansu ke sha, ko fiye. Ƙaramar inci 19 zuwa 24 mai bolt 12 kuwa, faranti ɗaya na sola da batir ɗaya sun isa su riƙe ta daga magariba har a gama Labarina ko Kwana Casa'in a Arewa24. Ba ruwanta kuma da wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona abin da ta tarar a jone, wadda ita ce ajalin yawancin na hannu.

Masu kare ta hannu suna cewa kayan da sun fi ƙarko, kuma kasuwa ta cika da jabu, a liƙa wa allo maras asali tambarin babban kamfani. Haka ne, na yarda. Amma ƙarkon da ake yabo na ƙasar da wuta ba ta rawa ne, kuma in allon ya mutu, kuɗin canza shi kan kusan kai kuɗin wata talabijin ɗin.

Tsadar ta taɓa har abin da ake kallo. Bayan ƙarin kuɗin DStv da GOtv a 2024 da 2025, gidaje da yawa sun tsaya kan dish na kyauta, ƙwallon Ingila kuma aka bar wa gidan kallo, inda mutum ke biyan kuɗin wasa ɗaya ya tashi.

Wanda zai shiga mota zuwa Kano da 'yan kuɗinsa, ya juya bayan akwatin ya karanta wat nawa take sha kafin ya tambayi inci nawa ce. A kunna ta a gabansa, a rubuta masa rasit mai lambar akwatin, don komawa Sabon Gari daga Gwaram da talabijin a cinya wani kuɗin motar ne.