Kafin a ɗaga labule: darasin magana da kunya ga ɗaliban agajin gaggawa

'Yar uwa, ki ɗauka ƙarfe biyu ne na dare. Ƙanwarki ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. An kira motar asibiti, ta iso, sai ga samari biyu sun sauko, maigidan kuma ya yi tafiya. Uwar miji ta tsaya a zaure ta ce ba a shiga. A wannan lokaci duk kayan aikin da ke cikin motar ba su da amfani. Abin da zai buɗe ƙofa shi ne bakin saurayin da ke gaba.

Shi ya sa horar da ma'aikatan agajin gaggawa, waɗanda ake kira paramedik, bai tsaya ga ɗaura ruwa da danna ƙirji ba. A Ingila, hukumar HCPC da ke yi musu rajista ta sa iya magana da marar lafiya, riƙe sirrinsa da sanin tasirin al'adarsa a cikin sharuɗɗan aikin. A Najeriya sana'ar sabuwa ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara horar da su a 2008, shirin gwamnatin tarayya na motocin gaggawa, NEMSAS, kuma a 2022 aka fara shi a Abuja. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda za su yi mana sallama nan gaba suna aji yanzu.

Mu mata abin ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 saboda ciki da haihuwa. Tun 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Minti ashirin na gardama a zaure daga cikin awa biyun nan ake cire shi.

Yaya ake koyar da irin wannan? Galibi da wasan kwaikwayo. Wani ya zama marar lafiya, wani ya zama ɗan uwa da ya fusata, ɗalibi ya shigo ya gwada, sannan malami da 'yan aji su nuna masa inda ya yi kuskure. Ana koya masa ya faɗi sunansa da aikinsa, ya durƙusa daidai da wadda ke kwance, ya nemi izini kafin ya taɓa ta, ya faɗa mata abin da zai yi.

A ƙasar Hausa darasin da ya fi wuya shi ne kunya. Mai haihuwar fari an tarbiyyantar da ita ta danne ciwo, musamman a gaban dangin miji. A tambaye ta yaya jiki, za ta ce da sauƙi ko da numfashi na neman gagararta. Ɗalibin da ya rubuta “da sauƙi” ya juya ya faɗi jarrabawa. Wanda ya ƙware zai roƙi maza su ɗan ba su wuri, ya bar mace ɗaya da ta yarda da ita, ya bar zaninta a jikinta ya buɗe inda ya zama dole kawai, sannan ya yi tambayar da ke da amsa: zani nawa ya jiƙe? Mabiyiya ta faɗo? Ido na yin duhu? Haka ma batun jiƙo da saiwoyi. Likita na bukatar sanin abin da aka ba ta, amma da zarar an ji faɗa a muryar mai tambaya, kowa zai ce ba a ba ta komai ba.

Sai dai ina da ƙorafi a kan yadda darasin al'ada kan iya lalacewa ya koma haddar “Bahaushiya ba ta yarda namiji ya duba ta”. Wata ba za ta yarda ba, wata kuma ranta take so a ceta ko wane ne ya zo. A tambaye ta ita. Girmama al'ada ma yana da iyaka: ba a zaman jiran maigida ya dawo alhali jini na zuba. Ana gaida uwar miji da ladabi, a ce Hajiya ki shigo tare da mu, a kira mijin a waya, aiki kuma na tafiya.

Ta fuskar ɗa'ar aiki, mace baliga mai hankalinta ita ke da ikon cewa e ko a'a game da jikinta. Idan ta suma, ana yi mata abin da zai ceci ranta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, sashe na 26 kuma ya wajabta riƙe sirri. A zamanin da hoton haɗari ke yawo a WhatsApp kafin dangi su ji labari, wannan sashe ya cancanci a maimaita wa ɗalibi kullum.

Akwai kuma harshe. Ma'aikacin da ba ya jin Hausa kan jawo yaron gida ya yi tafinta, alhali wace uwa ce za ta bayyana zubar jini ta bakin ɗanta? A nemo babbar mace.

Namu rabon aikin kuwa tun ciki na wata bakwai yake farawa. Ki yi magana da maigida ya bar izini a fili, a gaban mahaifiyarsa, cewa in abu ya taso ko ba ya nan a fita da ke, kuma a bar ma'aikata su shigo. Katin awo ya zauna inda kowa ya sani. Ki ajiye 112 a waya, tare da lambar asibitin da kike awo da ta direban da kuka amince da shi.